Kafin a yaba wa shirin horar da iyaye, a leƙa tsakar gida

Duk wanda ya saba karanta rahoton ƙarshen shekara na ƙungiyoyin da ke aikin yara a Kano ya san fasalinsa tun kafin ya buɗe. An tara mata kaza daga Dala da Gwale da Kumbotso, an yi musu bitar kwana uku a kan tarbiyya, an yi musu tambayoyi goma ranar farko, an maimaita tambayoyin ranar rufewa, maki ya hau. Sai hoton mahalarta riƙe da takardar shaida. Abin da rahoton ya tabbatar shi ne matan sun zo, sun saurara, kuma sun tuna abin da aka faɗa musu jiya. Yaron da aka bari a gida tare da yayarsa 'yar shekara bakwai domin uwar ta samu zuwa bitar, babu shi a ko'ina cikin lissafin.

A ganina, bai kamata gwamnatin jiha ko masu ba da tallafi su faɗaɗa wani shirin horar da iyaye da sunan hana sakaci da yara ba, sai shirin ya nuna abin da ya sauya a jikin yaro da cikin gidansu, idan aka kwatanta da gidajen da shirin bai shiga ba. Wannan aiki yana da wuya, amma ba gagara-badau ba ne, kuma yawancin kayan aikinsa suna nan a asibitocinmu na unguwa.

Wahalar ta samo asali daga yanayin sakacin kansa. Duka yana barin shati a jiki, maƙwabta kan ji ihu. Sakaci kuwa abu ne da ba a yi ba: allurar da ba a kai yaro ba, zazzaɓin da ya kwana huɗu ba a nemi magani ba, rijiyar da ba a rufe ba, ɗan shekara uku da ke yawo bakin kududdufi babu babba a kusa. Ba kasafai ake kai ƙarar irin wannan gaban mai unguwa ko Hisba ba sai ta ɓaci. Jihar Kano ta samu dokar kare yara a 2023, shekara 20 bayan dokar tarayya ta 2003, amma samun doka daban, samun rajistar da za a dogara da ita wajen ƙirga yaran da aka yi wa sakaci daban. Ko da ma akwai rajistar, tana da tarko. Gidan da ma'aikaciya ke shiga duk mako shi za a fi gano matsalarsa, don haka shiri mai kyau yana iya ƙara yawan ƙararrakin da ake rubutawa, har a ɗauka ɓarna ya yi. Wanda ya ce zai auna shiri a Kano da yawan ƙorafin da ya isa ofis, yawan idanun da ke kallo ya auna.

Kafin ma a zo ga ma'auni akwai tambayar da masu shiri suka fi gudu. Idan aka tarar da yaro a rame, me ya kawo? Ko dai mai kula da shi ba ta san abin da ya dace ba, ko ta sani amma babu abin saye, ko kuma ta sani, akwai halin, amma wani abu ya danne ta, kamar ciwon damuwa bayan haihuwa, ko rikicin aure, ko shaye-shaye a gidan. Bita tana maganin na farko kawai. Matar da aka bar wa kuɗin cefanen da bai isa mudun masara ba, ba ta buƙatar a zana mata rukunonin abinci a allo. Maƙwabtanmu sun gwada haɗa kuɗi da faɗakarwa. A Jigawa da Zamfara an gudanar da shirin tallafin renon yara da ƙungiyar Save the Children ta jagoranta, inda ake ba mace naira 3,500 duk wata tun daga ciki har yaro ya shekara biyu, haɗe da faɗakarwa kan shayarwa da abinci da tsafta. An raba ƙauyuka 210 ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara, wasu suka jira, kuma an samu raguwar tsumburewar yara da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Kuɗi da ilimi ne suka tafi tare a can. Saboda haka duk binciken da za a yi a Kano ya kamata tun ranar farko ya rubuta halin gidan: sau nawa aka ɗora tukunya jiya, mutum nawa ke kwana a ɗakin, maigida yana gari ko yana ci-rani, ana samun kuɗin cefane kullum ko sai an dace. Idan ba a yi haka ba, a ƙarshe za a lissafa talauci a matsayin sakaci, a ɗora wa uwa laifin da ba nata ba.

Hanya mafi arha ta auna shiri ita ce a tambayi iyaye, kuma ita ce ta fi yaudara. Mace ta zauna mako goma sha biyu ana koya mata cewa barin yaro shi kaɗai kuskure ne, an ba ta kuɗin mota da sabulu, sannan wadda ta koyar da ita ta zo tana tambaya ko tana barin yaron shi kaɗai. Kara kaɗai ta isa ta ba da amsar da ake so. Akwai misali mai kyau daga Afirka ta Kudu. An gwada shirin Sinovuyo na iyaye da matasa a lardin Gabashin Kef, da iyalai 552 a garuruwa da unguwanni 40, aka wallafa sakamakon a 2018. Iyaye sun ce duka da cin zarafi sun ragu sosai. Da aka tambayi 'ya'yan, watanni bayan kammalawa, ba a ga bambanci mai ƙarfi ba a wannan fanni, kodayake su ma sun yarda cewa sa-ido da jan su a jiki sun ƙaru. A ma'aunin sakaci kuwa ba a samu raguwar da za a iya tabbatarwa ba. Shiri ne da masana suka tsara da kyau, kuma sun yi gaskiyar faɗin abin da suka gani. Da iyaye kaɗai suka tambaya, da labarin da duniya ta ji ya fi haka daɗi.

To me za a auna? Abin da ido zai gani, hannu ya taɓa. Na farko awon damtse ga yaro daga wata 6 zuwa 59, da tef ɗin nan mai launi uku: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Ana auna hannun hagu, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Kuskuren da aka fi yi shi ne matse tef ɗin ko barinsa sako-sako, kuma milimita biyu sun isa su fitar da yaro daga ja zuwa rawaya, don haka masu awo su gwada hannunsu a kan yara goma iri ɗaya kafin a sake su cikin unguwa. Sai katin rigakafi, a gan shi da ido, a ɗauki hotonsa: allurar Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar, a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9. Abin da ya fi nuna kulawa shi ne tazarar da ke tsakanin Penta ta farko da ta uku, domin kai yaro sau ɗaya kowa na iyawa, komawa sau uku ne ke buƙatar naci. Idan aka ce katin yana cikin akwatin maigida kuma ya fita da makulli, a rubuta ba a gani ba, a sake dawowa. Kada a karɓi "an yi masa duka" a cike gurbi.

Sai zagayen gida, wanda shi ne ya fi kusa da ainihin sakaci, kuma shi ne ba a cika yi ba. Mai bincike ta durƙusa daidai tsayin yaron, ta ƙirga abin da hannunsa zai iya kaiwa: kananzir a robar lemo, fiya-fiya a bakin taga, maganin ɓera a bayan randa, ƙwayoyin hawan jinin kaka a kan katifa, tukunyar ruwan zafi ko kaskon tuya a ƙasa, garwashi, wayar lantarki a fili, bokiti ko baho cike da ruwa, rijiya babu murfi, matakalar bene babu kariya. Lamba ɗaya za ta fito, a ce haɗari tara. Bayan shekara a sake ƙirgawa. Sharaɗin shi ne kada a faɗi ranar zuwa, a dai nemi izini tun farko cewa za a zo wata rana cikin wata kaza, domin gidan da ya san baƙi na tafe ya sha shara tun asuba. Kuma mace ce za ta yi wannan aiki. Gidajen cikin birni da yawa ba a shiga, namiji iyakarsa zaure, duk abin da ya rubuta game da tsakar gida jita-jita ce.

Wasu abubuwan dole sai an tambaya, amma akwai yadda ake tambayar. Binciken MICS na halin yara da mata a gidaje, wanda UNICEF ke tallafawa, yana da tambaya mai kaifi: a cikin kwana bakwai da suka wuce, sau nawa aka bar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar shi kaɗai fiye da awa ɗaya, kuma sau nawa aka bar shi a hannun yaron da bai kai shekara goma ba. Ta fi "kina kula da ɗanki?" nesa ba kusa ba, saboda tana neman lamba da rana. Haka batun ciwo: a mako biyun da suka wuce ya yi gudawa ko zazzaɓi, kwana nawa kafin a nemi magani, ina aka je, an ba shi ruwan gishiri da sukari na sacet da ƙwayar zink, kwana nawa aka yi ana ba shi zink ɗin, tunda ƙa'idarsa kwana 10 zuwa 14 ne kuma yawanci ana dainawa da zarar gudawar ta tsaya. Ga 'yan makaranta, a je a duba rajistar aji. Ita kuma uwa a auna damuwarta da tambayoyi goma na ma'aunin Edinbura, a bakin wadda ta iya Hausar gida, domin idan shirin bai taɓa wannan ba, sauran darussan za su zube a ƙasa.

Akwai inda ma'aunin da aka ɗauko daga waje yake yi mana ƙarya, kuma wannan ya fi damuna. Fom ɗin da aka tsara a Amurka yana ba uwa maki idan ta kira sunan ɗanta, ta yabe shi gaban baƙo, ta rungume shi. Mace Bahaushiya mai kunyar ɗan fari ba za ta yi ko ɗaya ba a gaban baƙuwa, ballantana surukarta na zaune a gefe, alhali ita ce ta kwana ba barci da ya yi tari. Fom zai rubuta ta a mai sanyin hali. A ɗaya gefen, gidan da ake aika yarinya 'yar shekara takwas talla har bayan isha'i yana iya cin maki cikakke, saboda wanda ya tsara fom ɗin bai san talla ba. Haka nan tambayar wane ne mai kula da yaron. An kai shi yaye gidan kaka, ko yana riƙo wurin gwaggo, ko uwar ta fita an bar shi hannun kishiya, ko 'yar aiki ce ke goya shi wuni guda. Shirin ya horar da mahaifiya, amma yaron a wani hannun yake kwana. Yaran riƙo, da 'ya'yan matar da aka saka, da yaran da aka tura karatun allo wani gari, su ne sukan faɗo daga lissafi tun wurin rubuta sunayen 'yan gida, kuma su ne ya fi kamata a bibiya. Maganin wannan shi ne a tambayi duk yaron da ya kwana a gidan jiya, a kuma tambayi duk ɗan da matar ta haifa yana raye, ina yake yanzu, a hannun wa.

Duk wannan awo ba shi da amfani idan babu abin kwatance. A ɗauka an auna yara a watan Agusta, ana tsakiyar damina, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun yi yawa, hatsi ya yi tsada, sannan a sake aunawa a Fabrairu. Yara za su fi ƙiba ko da babu wanda ya taka gidan, girbin kaka ne ya yi aikinsa. Haka kuma idan aka zaɓi gidajen da suka fi shiga matsi a ranar zaɓen, wasunsu za su farfaɗo da kansu, maigida ya samu aiki, mara lafiya ya warke, sai shiri ya kwashi ladan da ba nasa ba. Don haka awon farko da na ƙarshe su faɗo wata ɗaya na shekara, a kauce wa azumi da makon salla, kuma a samu unguwannin da ake aunawa ba a shiga ba tukuna. Ƙuri'ar zaɓen inda shirin zai fara a yi ta a kan unguwa, kada a yi ta a kan mutum. A gidan haya mai ɗaki goma, ko gidan mata uku, abin da aka koya wa ɗaya da safe ya zaga tsakar gida kafin la'asar. Yawan unguwanni ya fi yawan gidaje muhimmanci, saboda mutanen unguwa ɗaya suna shan ruwa ɗaya suna zuwa asibiti ɗaya: unguwa 40 da gida 25 a kowace ta fi unguwa 4 da gida 250 a kowace ƙarfin hujja, duk da cewa jimillar ɗaya ce. Da ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, samun unguwa 40 da ba su manne da juna ba abu ne mai sauƙi.

Za a ce hana wasu shiri zalunci ne. Amma dama kuɗin ba ya isa kowa a shekarar farko, kuma ƙuri'a a fili, gaban hakimi da dagatai da limamai, ta fi adalci a kan zaɓen da ake yi da sanayya, muddin an yi alkawarin waɗanda suka jira za su samu daga baya kuma aka cika. Sai dai a Kano kalmar gwaji tana da tarihi. Ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da abin da ya biyo baya har zuwa dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Duk mai bincike ya san cewa a kan wannan tabon yake tafiya. Neman izini ya zama da Hausa, a karanta wa wadda ba ta karatun boko, a sanar da maigida, a faɗa ƙarara cewa wadda ta ƙi ba za ta rasa komai a asibiti ba. Kuma a tsara tun farko abin da za a yi idan aka tarar da yaro a ja, ko da a unguwar da ke jira ne: a tura shi cibiyar kula da tamowa a ranar, a bi sawu a ga ya je. Hakan zai ɗan rage bambancin da za a gani tsakanin rukunonin biyu, a haƙura da wannan.

Idan sakamako ya fito babu sauyi, akwai bayani biyu, kuma rahotanni ba sa bambance su: ko shirin ba ya aiki, ko ba a aiwatar da shi ba. Gwajin da aka yi wa shirin ziyarar gida na Hawayi a Amurka ya nuna bai hana cin zarafin yara ba, kuma da aka duba sai aka ga masu ziyarar ba kasafai suke gane damuwa da rikicin aure da shaye-shaye a gidajen ba. Ziyara takan rikiɗe ta zama gaisuwa da hira. Shirin SafeCare, wanda aka gina musamman don sakaci, ya bi wata hanya: abu uku kawai, lafiyar yaro, haɗarin gida, da mu'amalar iyaye da yaro, kuma kowane darasi sai an bayyana, an nuna, uwa ta gwada da hannunta, an gyara mata, har ta iya. A jihar Oklahoma ta Amurka an bi iyaye sama da 2,000 na kusan shekara shida, aka samu raguwar sake kai ƙararsu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Darasin da ke nan gare mu shi ne a riƙa rubuta ziyara nawa aka yi cikin nawa da aka tsara, minti nawa aka ɗauka, mai duba aiki ta raka ma'aikaciya aƙalla sau ɗaya a wata. A kuma yi lissafin gaskiya: mace ɗaya da ke shiga gida huɗu a rana, kwana biyar a mako, gida 20 take iyawa. Wanda ya ba ta gida 60 kuma alawus ɗinta ya yi wata uku bai fito ba, fom cikakke zai karɓa wanda aka cike a ƙarƙashin bishiya.

Waɗanda suka daina zuwa su ma a ƙirga su a inda ƙuri'a ta ajiye su. Matar da aurenta ya mutu a tsakiyar shiri, ko aka tashe su daga gidan haya suka koma Rimin Kebe ko Ɗorayi, ita ce ta fi kusa da haɗari, kuma cire ta daga lissafi yana ƙawata sakamako. Tun ranar farko a karɓi lambar waya biyu ko uku da kwatancen gidan iyayenta.

Sannan maza. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, kuma a aikace shi ke ba da izinin fita asibiti da kuɗin adaidaita sahu, shi zai sayi murfin rijiya. Amma rajistar kusan kowace bita mata ce zalla, saboda an sa ta ƙarfe goma na safe, lokacin da yake Kantin Kwari ko Sabon Gari. A Ruwanda shirin ziyarar gida na Sugira Muryango ya sa shigar uba cikin abin da yake aunawa, ya kuma samu ƙaruwa. Shirin da ke son maza a Kano ya same su a majalisa ko masallacin unguwa bayan magariba, kuma rahotonsa ya faɗi maza nawa suka zauna darasi nawa.

Hujjar wata ƙasa ba ta wadatar da tamu ba. Shirin ziyarar nas-nas da David Olds ya fara a garin Elmira na Amurka a 1977 ya rage cin zarafi da sakacin da aka tabbatar da kusan rabi, bayan an bi yaran shekara 15. Da aka kai shi Ingila aka gwada da matasan iyaye mata sama da 1,600, ba a ga wani ƙari ba a manyan ma'aunan da aka sa gaba cikin shekara biyun farko, a ƙasar da dama ma'aikatan lafiya ke ziyartar mai jego a gida. Idan tsakanin waɗannan biyu ma an samu saɓani, to sunan shiri da tambarin wata jami'a ba su isa shaida a Kurna ko Fagge ba. Kuma awon da aka yi ranar rufewa bai isa ba, sai an koma bayan wata 6 da wata 12, lokacin da sabulu da kuɗin mota suka ƙare.

Wanda ya gudanar da shiri kada ya zama shi zai auna shi. Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna da masana lafiyar al'umma da ɗaliban da za su iya wannan aiki, masu awon kuma kada a gaya musu unguwar da ta samu shirin. A rubuta ma'auni biyu ko uku da za a yi hukunci da su, a ajiye a Ma'aikatar Mata kafin a fara, domin wanda ya auna abu talatin ba zai rasa guda biyun da suka motsa da kansu ya ɗora a bangon rahoto ba. Kuɗin awon a ware shi cikin kasafin tun farko, sakamakon kuma, mai daɗi ko akasin haka, a fassara shi da Hausa a karanta wa mutanen unguwannin da suka buɗe ƙofofinsu aka ƙirga musu kananzir da rijiya.